Daren da na yi awa biyu ina magana ba mai ji na

Yau ba labarin gari na kawo ba. Labarin kaina ne, kuma ba irin wanda mutum ke bugun gaba da shi ba. Shekara guda ke nan ina juya shi a raina. Yanzu da damina ta sake kamawa na ga gara in faɗa, ko wani ya tsira daga irin abin da na yi.

Shekarata goma sha ɗaya gaban mikro. Masu kiranmu da yawa ina gane su tun daga sallama, kafin su faɗi suna da gari. Amma in gaya muku gaskiya, duk tsawon shekarun nan ban taɓa duƙawa bayan tebur na tambayi kaina ina waɗannan kabul ɗin suka dosa ba. A kolej mushe ya rubuta mana dokar Ohm a allo, muka haddace don jarrabawa, muka baro ta can. Ni a wurina rediyo murya ce. In murya na da daɗi, Hausa ta zauna, an gama.

Bari in fara gaya muku yadda gidanmu yake, don ku gane abin da ya faru. Sitidiyo na cikin gari. Emeter kuwa, wato injin da ke watsa magana zuwa akwatunanku, yana can bayan gari bisa tudu, gindin pilon, wajen kilomita biyu daga inda nake zaune. Tsakaninmu babu waya ko ɗaya. Abin da ke akwai shi ne ake ce ma fesso. Muryata ta bar mikro ta shiga konsol, daga konsol kabul ya kai ta wani ƙaramin akwati da ke kusurwar ɗaki, akwatin nan ya tura ta cikin wani baƙin kabul mai kauri da ya huda bango ya hau rufi, can akwai ƴar anten da ke kallon pilon ido da ido. A tudu wata anten ta karɓa ta miƙa wa emeter, shi kuma ya watsa a FM, tsakanin 87.5 da 108 ɗin nan da kuke murɗawa. Ko'ina wannan hanya ta katse, ni dai ina ta zuba, ku kuwa ba abin da ke zuwa muku.

Ranar kasuwa ce, cikin watan Agusta. An sha ruwa tun la'asar. Bayan magariba wata mata ta shigo tare da ƙanen mijinta, zanenta sharkaf, ba takalmi. Daga ƙauye suka zo cin kasuwa da ɗanta ɗan shekara shida. Da hadari ya taso kowa ya watse neman mafaka, ta waiga ba ta ga yaro ba. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini dala ɗari. Na ce: "Inna, mayar da kuɗinki, sanarwar ɓatan yaro ba mu amsar ko tamma." Na rubuta kamanninsa, riga shuɗiya, tabo a goshi, da lambar salular ƙanen mijin. Na ce ta kwantar da hankali, in sha Allah kafin mu rufe za a kira.

Ƙarfe takwas na buɗe mikro na karanta. Na sake da rabi. Zuwa ƙarfe goma sau biyar na karanta ta, har ina roƙon limamai da masu unguwanni su taimaka. Alluran konsol na rawa yadda suka saba, ina jin kaina tsaf cikin abin kunne. Abu ɗaya ya ɗan dame ni: ba wanda ya kira, alhali dare irin wannan layi ba ya hutawa. Sai na ce ma raina ruwa ne ya taɓa rezo.

Na rufe, na biya wurin mai shayin bakin hanya. Yana ganina ya ce: "Animater, yau lahiya ba ku buɗe ba? Tun da hadarin nan ya taso shiru kake ji." Wallahi ji na yi kamar an zare mini laka. Na karɓi rediyonsa na murɗa da hannuna. Tasharmu na nan a wurinta, babu shuuu ɗin da ake ji in babu tasha, amma babu magana. Emeter na aiki, abin da zai watsa ne bai isa gare shi ba. Mai gadin tudu ya ga fitilu na ci, fanka na juyawa, shi a wurinsa lahiya lau.

Kun san me ya sa ba wanda ya kira ya faɗa mana? Mun saba da shiru. Wutar yankin nan daga Katsina take zuwa, ta babban layin da ya sauka Gazawa. Lokacin da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gidajen rediyo da dama sun koma buɗewa gwargwadon man gurup ko ƙarfin batir. Tun daga nan in mai saurare ya ji shiru sai ya ce wuta ce, ya kashe akwatinsa ya kwanta.

A daren muka yi abin da za mu iya. Direkter ya kira tekinisiyan ɗin da ke duba mana kaya, wani dattijo da ke zaune Maradi, wanda ya yi shekaru yana aikin pilon ɗin tarho kafin ya aje. Ya ce yana wani gari kan wani aikin, sai gobe. Muka tura sanarwar a WhatsApp, da asuba aka faɗa a masallatai biyu, aka sa mai shela ya zaga. Ita kuwa uwar, daga baya na ji, kwana ta yi da tocila tana bin bakin tabkuna da ramukan da ake ɗibar ƙasar gini, duk sun cika sun batse. Duk uwar da ke karanta wannan ta san abin da take nema a can, ta kuma san addu'ar da take yi kar ta same shi.

Dattijon ya iso bayan azahar, ɗan kabu-kabu ya sauke shi da tsohuwar jakarsa. Bai taɓa komai ba da farko. Ya tsaya gaban akwatin fesso ya danna wani maɓalli, lambobi biyu suka fito. Ya ce: "Wagga ta sama ƙarhin da ya hita ne, ta ƙasa ƙarhin da ya komo. Naku komowa shikai, shi ya sa na'ura ta kashe kanta don kar ta ƙone." Sai ya kama baƙin kabul ɗin da hannu yana bi a hankali, har bayan kabad. Can ya tsaya. Ya jawo wani ƙulli da aka naɗe da sikoc, ya kai girman ƙwan zabo.

Ya ce: "Wa ya yi wanga aiki?"

Ɗakin ya yi tsit. Direkter na nan, abokan aiki biyu na nan. Na ce: "Ni ne, Baba."

Ya dube ni ya ce: "To madalla, ka rage muna wahala. Matso ka ga abin da ka yi."

Ga abin da na yi. Sati uku kafin nan an kawo mana sabuwar kwamfuta, muka matsar da tebur, akwatin fesso ya bi tebur, sai kabul ya gaza da kamu ɗaya. Na ce wannan ai ba sai an kira mutum daga Maradi an biya mishi kuɗin mota ba. Na je kasuwa na sayo guntun kabul na parabol, na yanke namu, na fere su da reza, na murɗe zuciya da zuciya, saƙa da saƙa, na naɗe da sikoc. Na kunna, magana ta tahi. Har na yi ta cika baki cewa na cece mana jika goma.

Dattijon ya warware sikoc ɗin, ruwa ya ɗigo. Jan ƙarfen ya zama tsanwa kamar tsohuwar tasa. Ya yanko wani guntun kabul mai kyau ya nuna mini cikinsa hawa-hawa: zuciya ta jan ƙarfe a tsakiya, farin roba kewaye da ita, saƙar siraran wayoyi bisa robar, sannan baƙar riga. Ya ce wannan ba wayar ƙwan fitila ba ce da za a murɗe ta kama. Tazarar da ke tsakanin zuciya da saƙa dole ta zama ɗaya tun daga akwati har anten. Kabul ɗin fesso da na emeter om 50 ne, na parabol da talabijin om 75, ko da a ido sun yi kama. Ya ce: "Ka taɓa ganin mai lambu ya haɗa ma injin ban-ruwa tiyo biyu da ba su dace ba, ya ɗaure da roba? Ruwa na zuwa, amma inji na shan wahala, wata rana kuma wurin ɗaurin ya hwashe."

Ya ce bambancin om ɗin kaɗai da mun daɗe muna lallaɓawa. Ruwa ne ya ƙarasa mu. Kabul ɗin ya sauko daga rufi ya shige ramin bango kai tsaye, yana gangarowa ciki. Duk ruwan da aka yi sai ya biyo jikin rigar kamar indararo, ya zo ya kwanta cikin ƙullina. Ranar kasuwar nan aka yi mai yawa, zuciya da saƙa suka haɗu, shi ke nan.

Abin da ya sa har gobe nake ganin girman wannan bawan Allah, bai gyara ya tahi ba. Cewa ya yi: "Tunda hannunka na ƙaiƙayi, zamna ka koya." Ya cire kabul ɗin gaba ɗaya ya sa sabo, guda ɗaya ba gami, daga akwati har rufi. Kafin ya shigar da shi bango ya lanƙwasa shi ƙasa kamar wuyan tulu, don ruwa ya ɗige waje, ya toshe ramin. Ya ce kabul irin wannan ba a karya shi a kusurwa, ba a taka shi, ba a matse shi da ƙusa, don in ya lotse tazarar nan ta ciki ta ɓaci ko ba a gani daga waje.

Sannan ya zo kan konekter, wanda suke ce ma N. Ya fito da ƴar takardar da ta zo da shi, an rubuta milimita nawa za a fere riga, nawa za a bar saƙa, nawa zuciya za ta leƙo. Ya auna da abin awo, bai yi da ido ba, duk da shekarunsa a aikin. Ya yanka riga a hankali kar wuƙa ta taɓa saƙa. Ya sa tsinken konekter bisa zuciya ya liƙe da dalma, ya matse zoben da pans ɗinsa na musamman. Ya ɗaga shi wajen haske yana dubawa, ya ce silin waya ɗaya, wanda bai kai gashin kai kauri ba, in ya kauce ya taɓa zuciya, ya isa ya rufe bakin gidan rediyo. Kafin a ɗaura anten ya sa na'urar awo ya tabbatar tsinke da jikin konekter ba su haɗu ba. Ya kuma ja mini kunne da abu ɗaya: kar a kuskura a kunna fesso ko emeter alhali anten ba ta haɗe, ƙarfin ba shi da wurin zuwa sai ya komo ya ci na'ura.

Ƙarfe huɗu da ƴan mintoci ya kunna. Lambar sama ta hau, ta ƙasa ta kwanta. Ya miƙo mini ƙaramin rediyo daga jakarsa ya ce in yi sallama. Na ji muryata ta fito daga cikinsa. Ban sa kiɗan buɗewa ba, ban gaida kowa ba, takardar jiya na ɗauka na karanta.

Ba a yi awa ɗaya ba wani mutum ya kira daga wani ƙauye. Ya ce yaro na hannunsa tun jiya. Ashe da ruwa ya sauko yaron ya shige ƙarƙashin tamfol ɗin amalankensa, barci ya kwashe shi tsakanin buhuna, sai da ya isa gida ya gan shi. Yaron ya san sunan uwarsa, bai iya faɗin garinsu yadda za a gane ba. Matarsa ta ba shi tuwo ya kwana cikin ƴaƴansu. Sai mutumin ya ƙara da maganar da har yau ba ta bar kunnena ba. Ya ce: "Ni tun jiya rediyona na bisa tasharku, ban kashe ba har batir ya yi sanyi. Na san in dai ana cigiyar yaro, nan za a hwaɗa."

Da ban yi wancan ƙullin ba, da ƙarfe takwas da minti biyar na daren jiya uwar nan ta san ɗanta na raye. Da ta zo godiya da yaron a hannu, ta ce mini: "Ai ka yi iyakar ƙoƙarinka ɗana, Allah ne bai nuhi a ji ba." Na sunkuyar da kai, ban iya gaya mata ba. Yau na faɗa. In wannan rubutu ya kai ga wani nata, a roƙa mini ita gafara.

Dattijon ya kwana garinmu. Washegari muka fitar da duk abin da ke bayan tebur, har da sheƙar ɓera. Ya raba kabul ɗin sauti da na wuta, kowa da hanyarsa, ya ce in dole su gamu to su gitta juna, kar su jera, don daga nan ne wannan gurnanin "huuum" da kuke kuka da shi yake shigowa. Ya buɗe kan kabul ɗin mikro, XLR, ya nuna mini ƙafafu uku: ta 1 ta saƙa ce, ta 2 da ta 3 su ke ɗauke da sauti. Ya sa na haɗa kan kabul ɗin intanet da hannuna, siraran wayoyi takwas, kowace da gurbinta: fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da tsanwa, shuɗi, fari da shuɗi, tsanwa, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Na ɓata huɗu kafin na biyar ya yi. Ya ce irin wannan kuma kar ya wuce mita 100. Kowane kabul muka liƙa mishi suna a kai da gindi, muka zana taswirar a takarda muka manna bayan ƙofa.

Na ƙarshe shi ne ter, wayar nan mai tsanwa da ruwan ɗorawa da ke tahiya ƙasa. Tamu mun same ta a kwance, ba a san ranar da ta kuɓuce ba. Ya haɗa jikin kowane akwati da ita, ya bi ta har inda aka binne sandar jan ƙarfe. Ya ce ƙasarmu rairayi ce, da rani takan bushe ƙamas, ter ya yi rauni, don haka a riƙa auna shi kafin damina. Pilon shi ne abu mafi tsawo a gari, in tsawa ta faɗo ba ta sami hanyar shiga ƙasa ba, ta cikin kayanmu za ta nemi hanya.

Da na raka shi tasha ya nuna mini pilon ɗin kamfanin salula. Ya ce waɗannan fararen abubuwa masu kama da ganga su ma fesso ne, kowace na kallon ƴar uwarta a wani gari. A ɗan ɗakin da ke ƙasa akwai akwati mai aiki da volt 48, a yawancinsu kabul ɗaya ke ɗaukar wuta da magana zuwa sama. In wani ya yi ganganci da konekter ɗaya a ɗakin nan, ƙauyuka nawa ne za su wayi gari suna ɗaga salula sama suna neman rezo, mai jiran kuɗi daga ɗansa na ci-rani ya yi ta jira.

Tun da aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare a 1999, irin waɗannan gidaje sun bazu ko'ina cikin ƙasa. A nan yankinmu kun fi ni sanin amfaninsu. Ta nan ake jin rasuwa da suna, ta nan ake cigiyar bisashe, ta nan ake sanar da ranar rigakafi da ta rabon taki. A Gidan Rumji, inda ƴan uwa daga Najeriya suka fara kwararowa gudun hijira a 2019, sanarwa ɗaya kan iya haɗa mutum da danginsa. Amma ku zaga ku gani: ana samun mai ba da emeter, ana samun mai ba da pano da batir, ana kiran mu horo kan yadda ake gabatar da shiri. Wanda zai zauna ya koya mana haɗa konekter, shi ne ba a cika samu ba. Tekinisiyan ɗaya ne ke yawo kan gidaje da yawa, kuma yawancinsu furfura ta kama su.

Don haka ina da roƙo uku. Ga kwamitocin gidajen rediyo da magadan gari: a ware wani abu, ko jika biyu ne a wata, don sayen konekter, dalma da kabul na ajiya, a kuma tura matashi ɗaya, mace ko namiji, ya bi irin waɗannan dattawa ya koya tun suna nan. Ga abokan aikina: abin kunne ba shaida ba ne, konsol kawai yake jiyar da kai. Ka aje ƙaramin rediyo kusa, kafin ka fara ka rufe mikro ka kunna shi ka ji abin da mutanen gari ke ji. Abin da ba ka iya ba kuma, ka tambaya. Jika goman da na ce na cece, uwar yaron nan ce ta biya ta da kwanan bakin tabki.

Ku kuma masu saurare, don Allah in kun murɗo mu lokacin da ya kamata mu kasance a kan iska kuka ji shiru, kar ku ce wuta ce. Ku kira, ko ku yi bip, ko ku aiko yaro. Gara mutum ashirin su dame mu a kan abin da mun sani, da a bar mu muna magana mu kaɗai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana ƴaƴanmu, ya saka wa mai amalanken nan da matarsa da alheri. Sai mun haɗu ƙarfe takwas, in Allah ya kai mu.